PowerBoost 1000C: Ɗan Fanel Ɗin Da Ya Raba Mai Koyo Da Fargabar Batir

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in damƙa wa yaro ko yarinyar da ke mafarkin haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da hannunsu, ba zan tsaya dogon tunani ba, PowerBoost 1000C zan miƙa. Ɗan fanel ne da kamfanin Adafruit na Amurka ke ƙerawa. Bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, in ka jefa shi aljihu ma sai ka manta yana ciki, amma aikin da yake yi ya fi girman jikinsa nesa ba kusa ba. Ina ƙaunar abin nan har cikin raina. Duk wanda ya taɓa zama da ni hira ta biyo ta kan Raspberry Pi ya san ba a tashi sai na sako shi.

Kusan kowane mai koyo hanya ɗaya yake bi. Ya sayi Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a shekarar 2012. Ya nemo ƙaramin allo, ya nemo madannai, ya zuba manhaja a katin memori, ya jona caja a bango, komai ya tashi lafiya lau. Murna ta cika shi. Sai ranar da ya ce bari ya raba ta da bango ya ɗauke ta ya fita da ita, ranar ce yake gane cewa duk abin da ya yi a baya shi ne mai sauƙin. Wuta ita ce gagarumar matsalar.

Dalili kuwa a fili yake. Pi tana son folt 5 a tsaye, ba hawa ba sauka. Batirin litiyam mai gida ɗaya kuma, irin na waya, bai taɓa kai folt 5 ba. In ya cika maƙil folt 4.2 yake bayarwa, yawancin aikinsa yana yin sa a wajejen 3.7, sannan ya riƙa gangarowa har zuwa kusan 3, inda ya kamata a ƙyale shi ya huta. Yawancin samfuran Pi suna da abin lura da wuta a jikinsu: da zarar ta faɗi ƙasa da folt 4.63, sai gargaɗi ya bayyana a kusurwar allo, kwamfutar ta rage gudu don ta tsira. Dangin Pi Zero ko wannan gargaɗin ba su da shi. Abin da ya fi ciwo shi ne wuta ta yanke daidai lokacin da ake rubutu a katin memori. Katin na iya rikicewa, kwamfutar ta ƙi tashi, aikin da ka daɗe kana tarawa ya tafi.

Saboda haka mai son tafiya da batir yana da ayyuka uku a gabansa. Dole a ɗaga wutar batirin zuwa folt 5, dole a yi masa caji ta hanyar da ba za ta cutar da shi ba, kuma dole a san yadda za a yi in ana caji kwamfutar na kunne. PowerBoost 1000C ya haɗa ukun a wuri ɗaya, ya kuma yi su da tsafta. Akwai ƙananan ƙwaƙwale biyu a jikinsa: TPS61090 na kamfanin Texas Instruments, shi ke ɗaga wuta, da MCP73871 na kamfanin Microchip, shi ke kula da caji da rabon wuta. Mai koyo ba sai ya haddace sunayen nan ba. Ya sa batir a 'yar farar soket ɗinsa, ya sa caja ta ƙofar micro USB, ya ɗauki wuta ta ɗaya gefen ya kai wa kwamfutarsa, shi ke nan.

Abin da ya fara sace zuciyata wata 'yar dabara ce da ba kowa ke lura da ita ba. Fanel ɗin ba folt 5 cif yake fitarwa ba, 5.2 yake fitarwa, kuma da gangan aka yi haka. Kowace waya tana cin wani abu daga wutar da ke ratsa ta, siririyar waya doguwa kuma ta fi ci. In ka tura 5 daidai, kafin ta isa kwamfuta ta koma 4.8 ko ƙasa, da aiki ya ɗan yi nauyi kuma sai ka ga gargaɗi. Wannan ɗan ƙarin na 0.2 shi ke toshe gurbin, kuma bai fita daga abin da na'urorin USB ke ɗauka lafiya ba. Kai, wanda ya tsara wannan ya san ciwon masu haɗe-haɗe! Ka ga alamar mutumin da ya zauna da waya da mita a hannu, ya ga inda abu ke lalacewa, ya magance shi tun kafin ya iso gare ka.

Amma inda nake so in daɗe shi ne rabon wuta, domin nan ne PowerBoost ya kere wa sa'o'insa. Ka ɗauki gidan da ke da tankin ruwa a sama. In ruwan famfo ya zo, gida ya sha kai-tsaye, ragowar ya hau tanki. In an ɗauke, tanki ya karɓa, mai wanke-wanke ba ta ma san an yi canji ba. Haka fanel ɗin nan yake yi da wuta. Caja na jone, kwamfuta na ci daga caja, abin da ya rage yana shiga batir. Ka zare caja, batir ya ɗauki nauyin nan take.

Gani ya kori ji. Ka kunna 'yar kwamfutarka a kan tebur, ka sa ta tana wani aiki da rubutu ke gudana a allo layi bayan layi. A gefen ƙofar caja 'yar fitila rawaya na ci, alamar batir na shan caji. Ka kama kan wayar cajar da yatsu biyu ka fizge. Rawayar ta mutu, shuɗiyar fitilar da ke ɗaya gefen tana nan daram, rubutun nan kuma yana ci gaba da gudana, allon ko ƙiftawa bai yi ba. Ka mayar da cajar, rawaya ta dawo. Wallahi duk sanda na nuna wa wani wannan sai na ji daɗi ya kama ni kamar yau na fara gani. Ga mu nan da muke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama, a dawo da ita ba sanarwa, wannan ba ado ba ne. Ko kwamfutar ba ta fita ko ƙofar ɗaki ba, ɗan fanel ɗin nan ya zama mai gadinta: NEPA ta ɗauke, katin memorinka bai ji komai ba.

Na san tambayar da ke bakin mai karatu: to me ya hana a yi amfani da fawa bankin waya? Babu laifi a fara da shi, kuma don gwaji na farko ya wadatar. Sai dai don waya aka yi shi. Da yawa daga cikinsu sukan yanke wuta na ɗan lokaci sanda aka jona su a caja ko aka zare, waya ba ta damu ba tunda tana da batirinta, Pi kuwa sai ta mutu ta sake tashi. Wasu ba sa ba da wuta sam in suna caji. Wasu kuma in sun ga abin da ke jan wuta kaɗan ne sai su ɗauka wayar ta cika, su kashe kansu, kuma Pi Zero da ke zaune ba ta aiki mai nauyi tana iya faɗawa wannan tarkon.

Akwai kuma hanyar araha da ta cika intanet: ɗan fanel ɗin caji TP4056 a haɗa shi da na ɗaga wuta MT3608. Ina girmama su, sun koya wa mutane da yawa aiki, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Amma ba su nake so mai koyo ya fara da su ba. TP4056 ba ya rabon wuta. Yana gane batir ya cika ne in wutar da ke shiga ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda ta faro, to in kwamfuta na rataye a jikin batirin tana ja, ƙila ba zai taɓa ganin wannan raguwar ba, sai ya yi ta riƙe batirin a cike, abin da ke tsufar da shi da wuri. MT3608 kuma yana da ɗan sukurun da ake murɗawa a saita wuta, yana iya haura folt 20. Wanda ya jona Pi kafin ya auna da mita, cikin ƙiftawar ido zai iya ƙona ta. PowerBoost ba shi da abin murɗawa. An riga an saita shi, hannunka ba zai kai ga ɓarna ta nan ba.

Makunninsa ma abin sha'awa ne. A gefen fanel ɗin akwai ramuka a jere, kowanne da sunansa a rubuce. Uku daga ciki, VS da EN da GND, su ne na makunni. Ka samo ƙaramin makunni mai ƙafa uku irin wanda ake turawa gefe, ka sa ƙafar tsakiya a EN, ka liƙe da dalma. In ka tura shi EN ya haɗu da GND, wutar fita ta ɗauke gaba ɗaya, amma caji na ci gaba in caja na jone. Daɗin abin shi ne wutar kwamfuta ba ta bi ta cikin makunnin, umarni kawai yake kaiwa, don haka mafi ƙanƙantar makunni ma ya isa, ba zai yi zafi ba. Ga mai fara riƙe ƙarfen narka dalma, ramuka uku masu faɗi irin waɗannan wurin koyo ne mai kyau. Ka ɗumama ramin da ƙafar tare, ka taɓa dalma ta narke ta kwanta tana sheƙi, ka ɗaga hannu. Soket ɗin USB babba ma a ware yake zuwa cikin leda, in kana so ka liƙa, in akwatinka matsattse ne ka bar shi ka ja wayoyi biyu kai-tsaye. Wanda zai kai su ƙafafun Pi, ta 2 ko ta 4 ita ce ta folt 5, ta 6 ita ce ta ƙasa, kuma ya ƙirga sau biyu, domin ta wannan ƙofar babu abin da zai tare kuskure.

Fitilunsa huɗu ne: shuɗiya ta ce akwai wuta a waje, rawaya ta ce ana caji, koriya ta ce an cika, ja ta ce batir ya faɗi ƙasa da folt 3.2. Wannan jar tana da rami nata mai suna LBO, wanda za ka iya ja zuwa Pi ka rubuta 'yar manhajar da za ta rufe kwamfutar cikin natsuwa da zarar batir ya yi ƙasa. A kula dai, in batir na da ƙarfi ramin nan wutar batirin yake ɗauke da ita, tana iya kai 4.2, ƙafafun saƙon Pi kuwa 3.3 ne iyakarsu, don haka sai an rage ta tukuna kafin a jona.

Yanzu batirin kansa. Nan nake roƙon mai koyo ya buɗe kunne da kyau, ƙanena, domin fanel mai kyau ba ya gyara mugun batir. PowerBoost batir mai gida ɗaya yake ɗauka, wato na folt 3.7, ko dai shimfiɗaɗɗen nan mai kama da na waya ko mulmulallen nan 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, wanda ake samu cikin batirin tsofaffin kwamfutocin cinya da tocilan masu caji. Manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG, mafi ƙarfin 18650 ɗinsu yana wajejen mAh 3,400 zuwa 3,500 ne. In ka ga wanda aka rubuta wa 9,900 a jiki, ajiye shi, ƙarya ce tsagwaronta. Na gaske yakan yi nauyin giram 45 ko sama kaɗan, na jabu sau da yawa a hannu ma za ka ji ba shi da nauyi.

Lissafin awannin da zai kai ka ba wuya. Ka ninka ƙarfin batir da folt ɗinsa: mAh 3,400 sau 3.7 ya ba ka kusan wat-awa 12.6. Wajen ɗaga wuta ana asarar kamar kashi goma cikin ɗari, sai ya rage wajen 11. In kwamfutarka da allonta da madannai suna cin wat 2, kana da awa biyar da 'yan kai. Wannan lissafin shi ke warware ruɗanin fawa banki ma: mAh 10,000 da ke jikinsa a kan folt 3.7 aka ƙirga, wato wat-awa 37, ba a kan folt 5 da yake fitarwa ba. Haka kuma in kwamfuta na jan amfiya 1 a waje, batirin na fitar da fiye da amfiya ɗaya da rabi a ciki, shi ya sa wayoyin batir suke son kauri da gajarta. Allo shi ne babban mai cin wuta a irin waɗannan haɗe-haɗen, rage haskensa kaɗai na iya ƙara maka lokaci mai yawa.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Na farko, jar fitilar nan gargaɗi kawai take yi, ba ta kashe komai. Fanel ɗin zai ci gaba da tatsar batir har ya wuce inda ya dace, don haka dole batirinka ya zama mai ɗan fanel ɗin kariya a jikinsa, wanda ke yanke wuta in ya yi ƙasa da yawa ko wayoyi suka haɗu. Baturan da Adafruit ke sayarwa da kariyarsu suke zuwa. Waɗanda aka ɓalle daga tsohuwar kwamfuta kuwa tsirara suke, sai an ƙara musu, kuma ba a ɗora musu ƙarfen dalma a ka, gidan batir mai sifirin ake saya a zura su. Na biyu, 'yar farar soket ɗin batir. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan gefen da jar waya ke zama ba, sai ka sayi batir daga wani wuri, kansa ya shige daidai, alhali wayoyin a juye suke. Kafin ka tura shi, ka kwantar da kan kusa da soket ɗin, ka dubi alamar + da − da aka buga a fanel, ka dubi inda ja ta faɗa, ka sa mita ka tabbatar. In a juye suke, da bakin allura ake ɗaga 'yan harsunan robar a zaro wayoyin a musanya, ɗaya bayan ɗaya, kada ƙarafunan su taɓa juna.

Masoyi na gaskiya ba ya ɓoye iyakar abin da yake so. PowerBoost 1000C na amfiya 1 ne, ko sama da haka kaɗan in batirin na da ƙarfi. Pi 4 ana son a ba ta amfiya 3, Pi 5 kuwa cajarta ta hukuma wat 27 ce mai ba da amfiya 5. Waɗannan sun fi ƙarfinsa, masu su sai su nemi fanel irin UPS HAT na Waveshare mai ɗaukar 18650 biyu. Amma ni ko kaɗan wannan bai rage masa daraja a idona ba, domin kwamfutar da ta dace da mai koyo da batir ita ce Pi Zero 2 W, wadda ta fito a 2021 kan dala 15. Tana da ƙwaƙwalwa mai gida huɗu, tana da wayfay, kuma a aikin yau da kullum abin da take ja bai kai rabin amfiya ba. Ita da PowerBoost kamar don juna aka yi su. Ka ƙara ƙaramin allo da madannai, ka samu abin rubutu da koyon Python da karanta littattafai wanda zai shiga jakar makaranta. Adafruit da kansu da wannan fanel ɗin suka haɗa PiGRRL 2, 'yar na'urar wasan hannu da ake buga akwatinta da firinta mai fitar da siffa. Caja kuma a nemi mai amfiya 2 da waya mai kauri, tunda ita za ta ciyar da kwamfuta da batir a lokaci guda.

Sai zafi, wanda mu ya fi shafa. Batirin litiyam ba a son yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram iskar gari kanta na haura 40. Ɓangaren cajin fanel ɗin yakan yi ɗumi in yana aiki, haka aka yi shi, don haka kada a manna batir a bayansa. A bar tazara, a huda wa akwati ramukan shan iska, a yi caji a inuwa, kada a bar shi cikin mota a rufe ko a kan katifa. Batirin da ya kumbura ko fatarsa ta yage ya gama aiki, a fitar da shi daga ɗaki. Wanda za a ajiye na tsawon lokaci kuma a bar shi da kamar rabin caji.

Kuɗinsa wajen dala 20 ne, kuma yawanci sai an yi odarsa daga waje, ga kuɗin kawowa. Na san ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Duk da haka ina cewa ya cancanta, domin ba fanel kaɗai ka saya ba. Limor Fried, injiniyar da ta yi karatu a MIT ta kafa Adafruit a 2005, ta gina kamfaninta ne kan buɗe komai ga kowa. Akwai cikakken darasi kyauta a shafinsu kan wannan fanel ɗin, da hotuna, rami bayan rami, fitila bayan fitila. Zanen hanyoyin wutarsa ma an sake shi, kowa na iya saukewa ya duba yadda aka jona ƙwaƙwalen nan biyu da dalilin kowane ɗan ƙarfe da ke kai. Allah Ya saka wa masu irin wannan hali! Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano kullum suna cire abubuwan da suka fi waɗannan ƙanƙanta suna mayarwa da iska mai zafi, kuma ina da yaƙinin duk wanda ya zauna da zanen nan a cikinsu zai karanta shi tsaf, ya gyara wanda ya lalace, har ma ya haɗa nasa.